Waya da Farashin Gero: Abin da Masu Bincike Suka Gano a Kasuwa

Kafin shekarar 2001, idan ɗan kasuwar hatsi a Nijar yana son sanin nawa ake sayar da buhun gero a wani gari, hanya biyu gare shi. Ko dai ya hau mota ya je da ƙafarsa, ko kuma ya zauna jiran direba ko wani bafatake ya kawo masa labari. In ya je, ya yi asarar kuɗin mota da wuni guda, wani lokaci har da kwana. In ya jira, labarin zai iso masa ne bayan kasuwa ta riga ta juya. Shi ya sa a rana ɗaya sai gero ya yi kwantai a wannan gari, a wancan kuma ana neman sa ruwa a jallo, alhali tsakaninsu bai fi tafiyar 'yan sa'o'i ba. Wayar girke kuwa, a karkara kusan babu ita.

Daga 2001 aka fara kafa ƙarafunan sabis a ƙasar, gari bayan gari. A yau duk wanda ka tambaya zai ce maka waya ta sauƙaƙa kasuwanci, kuma gaskiyarsa. Amma ta sauƙaƙa da nawa? Wa ya ci ribar, dillali ko manomi ko mai saye? Hirar majalisa ba ta amsa irin wannan tambaya. Sai an auna, kuma aunawar ita ce aikin masu bincike na jami'a.

Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta yi wannan awo, ta kuma wallafa sakamakonsa a 2010. Dabarar da ta yi amfani da ita abin koyi ce ga duk ɗalibin da ke neman abin rubuta kundi. Ta lura cewa sabis bai shiga kasuwannin Nijar a rana ɗaya ba: wata kasuwa ta samu a 2002, wata sai 2004, wata har 2006 tana jira. Hukumar da ke tattara farashin amfanin gona ta ƙasar, wato SIMA, dama tana rubuta farashi kasuwa-kasuwa tun kafin zuwan waya. Sai Aker ta riƙa ɗaukar kasuwanni biyu-biyu tana duba tazarar farashin da ke tsakaninsu kafin su sami sabis da bayan sun samu, tana kwatanta su da waɗanda ba su samu ba tukuna a daidai wannan lokaci. Da haka ta tsame tasirin waya daga na fari da tsadar mai da lalacewar hanya, tunda waɗannan kowa suka shafa. Ba ta tsaya ga takarda ba, ta bi 'yan kasuwa rumfa-rumfa tana tambayarsu kasuwa nawa suke tuntuɓa, da kuma inda suke kai kaya.

Abin da ta samu shi ne, waya ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ragin ya fi yawa tsakanin kasuwannin da suka yi nisa da juna, da waɗanda hanyarsu ba ta da kwalta. Dalilin a fili yake. Inda zuwa neman labari ya fi tsada, nan kira ɗaya ya fi daraja. Ɗan kasuwar da a da bai san komai ba sai kasuwar garinsu da ta maƙwabta, yanzu kafin ya sha kunun safe ya ji farashin Maraɗi da Damagaram da Tawa, ya san inda zai tura mota.

Kafin Aker, wani masani mai suna Robert Jensen ya yi makamancin wannan aiki a jihar Kerala da ke kudancin Indiya, a kan masunta. Nasa ya fi ban mamaki, domin kifi ba gero ba ne, ba ya jira. Masunci ya dawo daga teku da safe, dole ya zaɓi gaɓa ɗaya ya sauka, kuma bai san ko wasu jiragen sun riga shi cika wannan kasuwa ba. In sun riga shi, ya karyar ko ya zubar. Jensen ya bi farashin kifi mako-mako a kasuwanni 15 na bakin teku daga 1996 zuwa 2001, lokacin da sabis ke shiga yankin kashi-kashi. Kafin waya, ana zubar da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na kifin da aka kama. Da masunta suka fara kiran dillalai tun suna kan ruwa, zubarwar ta ƙare. Ribar masunta ta ƙaru da kusan kashi 8, farashin da mai saye ke biya kuma ya sauka da kusan kashi 4. Mai sayarwa ya ƙaru, mai saye ya ƙaru, domin abin da ake zubarwa a da shi ne ya koma aljihunsu. An wallafa wannan aiki a 2007.

Da a nan maganar ta tsaya, da kamfanonin waya sun ji daɗi. Amma bincike ba talla ba ne. Aker ta sake komawa kan bayanan Nijar tare da wani masani, Marcel Fafchamps, wannan karon suna duba farashin da manomi ke samu, ba wanda 'yan kasuwa ke yi a tsakaninsu ba. A kan wake sun ga bambancin farashi ya ragu da kusan kashi 6. A kan gero da dawa ba su ga wani sauyi ba. Haka kuma ba su ga shaidar cewa kuɗin da manomi ke karɓa ya ƙaru ba. A jihar Maharashtra ta Indiya ma, Fafchamps da Bart Minten sun gwada wani tsari da ke aika wa manoma farashi da hasashen yanayi ta saƙon tes, suka wallafa a 2012 cewa bai ƙara farashin da manoman ke sayar da kayansu ba.

A ganina wannan sakamako mara daɗi ya fi na farko amfani, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye zai gane shi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Manomin da ya ci bashin taki tun damina, ga mai bashi a ƙofa da kaka, me sanin farashin kasuwar Dawanau zai ƙara masa? Buhu uku gare shi, kuɗin mota zai cinye bambancin. Ba shi da sito, ba shi da jarin da zai jira bazara. Ya san ana ƙwararsa, amma dole ya sayar wa wanda ya zo da kuɗi a hannu. Sani ya isa ga mai mota da jari. Ga ƙaramin manomi kuwa, sai an haɗa masa da hanya da wurin ajiya da rance mai sauƙi. Duk gwamnati ko ƙungiyar da ta karanta waɗannan bincike-bincike ba za ta zuba miliyoyi a manhajar aika farashi kaɗai ta ce ta gama da manomi ba.

Ita kanta wayar da ake wannan awo a kanta, 'yar ɗakin bincike ce tun daga batirinta har muryar da ke fita a cikinta. A 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar MIT ta Amurka, Claude Shannon, ya rubuta kundin digirinsa na biyu, inda ya nuna cewa da makunnan lantarki masu "kunne" da "kashe" kawai ana iya yin lissafi da yanke hukunci. A kan wannan tunani aka gina kowace kwamfuta. A 1947 masana uku a ɗakin binciken kamfanin Bell suka ƙirƙiro tiransisto, wato ɗan mitsitsin makunnin da a yau akwai biliyoyinsa a cikin waya guda. A wannan shekarar dai, a wannan kamfani, injiniya Douglas Ring ya kawo shawarar a yanka gari gida-gida, kowane gida da ƙarfensa mai gajeren zango, domin a riƙa maimaita zangon rediyo ɗaya a wurare da yawa ba tare da murya ta hau murya ba. Ƙarfen sabis ɗin da ke bayan gidanku jikan wannan shawara ne. A 1967 Andrew Viterbi, yana koyarwa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya fito da wata dabarar lissafi ta tsamo saƙo daga cikin hayaniya, wadda wayoyin GSM suka dogara da ita. Batirin da muke kai wa mai caji kuwa, tushensa aikin John Goodenough ne a jami'ar Oxford a 1980. Kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991, shi kuma malamin bai karɓi kyautar Nobel a kai ba sai a 2019, yana da shekara 97.

A duba tazarar. Daga shawarar Ring zuwa ranar da Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu a birnin New York, a Afrilun 1973, shekara 26 ne. Sai da aka ƙara shekara goma kafin wayar ta shiga kanti a Amurka, a kan kusan dala 4,000. Wanda ya tambayi Shannon a 1937 ko kundinsa zai sama wa matasa nawa aiki, da bai sami amsa ba.

Sai dai injiniya shi kaɗai bai isa ya sa waya a aljihun mai shayi ba. Nan ne ilimin sarrafa kasuwanci da tallata haja ya shigo, wanda mutane da yawa ke ɗauka ba komai ba ne illa waƙar talla a rediyo. Asalinsa nazarin mai saye ne: nawa yake samu, yaushe yake samu, me yake tsoro. A Turai da Amurka an saba a yi kira wata guda sannan a kawo takardar biya. Wannan tsari ba zai yi aiki ga wanda ba shi da albashi ko asusun banki ba. Katin kira na biya-kafin-ka-kira shi ya buɗe Afirka, aka kuma yi ta ƙanƙanta shi har ya kai na naira ɗari. A Nijeriya an yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, kowanne a kan dala miliyan 285, a lokacin da layukan waya a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Da farko naira 50 ake cirewa a minti, ko da "ina nan tafe" kawai ka ce. Da Globacom ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran kamfanoni dole suka bi. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, bai mamaye kasuwar Afirka da fasahar da ta fi ta kowa ba. Lura ya yi cewa mutane na yawo da layi biyu saboda sabis da tsadar kira tsakanin kamfanoni, wutar lantarki ba ta zama, kyamarorin da ake da su kuma ba sa fitar da baƙar fata da kyau. Sai ya yi waya mai layi biyu, mai riƙe caji, mai kyamarar da aka daidaita da fatarmu. Hatta filashin da muke yi wa juna an yi nazarinsa: Jonathan Donner ya wallafa maƙala a 2007 a kan ƙa'idojinsa, har da wa ya kamata ya kira wa.

To mu fa? A jami'o'inmu akwai sassan kwamfuta da injiniyan lantarki da sadarwa da harkokin kasuwanci, kuma kowace shekara ɗalibai na rubuta dubban kundaye. Akwai masu kyau a ciki, babu shakka. Amma da yawa an raba takardar tambayoyi ne ga mutum ɗari a harabar makaranta, an tambaye su ko sun yarda waya na da amfani, sun ce sun yarda, an ɗaure da baƙin bango an ajiye a kanta. Ɗalibin lantarki bai san abin da na kasuwanci ke yi ba, ko da katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ba rashin kuɗi ne kaɗai ba, ko da yake shi ma yana nan. Kayan aikin Aker na farko rijistar farashi ce da ma'aikatan Nijar suka yi shekaru suna cikawa da biro, sai taswirar ranar da kowane gari ya sami sabis.

Tambayoyin kuma suna nan birjik a ƙofar gida. A Satumban 2021 an katse sabis a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wannan shi ne gwajin Aker a juye: me ya faru da farashin hatsi da dabbobi a kasuwannin da aka katse, idan aka kwatanta da na maƙwabtansu? A farkon 2023, da takardun naira suka yi wuya saboda sauyin kuɗi, masu tumatir da 'yan acaɓa suka koma karɓar tiransifa a kan dole. Su waye suka ci gaba da ita bayan kuɗi sun dawo, su waye suka bari, kuma me ya sa? Manhajojin banki da aka rubuta da Turanci, mutum nawa suke barin su a baya, kuma saƙon murya da Hausa zai iya cike gurbin? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana buƙatar mai ilimin sadarwa da mai lissafi da mai nazarin kasuwa su zauna a tabarma ɗaya.

Ga malaman da ke duba kundi a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Yamai, a tura ɗalibai kasuwa da littafi da biro, su yi shekara suna rubuta farashi kowace ranar kasuwa, a kuma bar su su rubuta abin da suka gani ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Ga shugabannin kasuwa da 'yan kamasho kuma, idan yaro ya zo rumfarku yana tambayar nawa aka sayar da buhu yau, ba ɗan haraji ba ne. Ku ba shi wuri ya zauna, ku faɗa masa farashin gaskiya.