Abin Da Kwanar Trollstigen Ta Koya Mini

A wurinmu babur abin larura ne: mai hali ya sayi mota, marar hali ya hau acaɓa. Shi ya sa na yi dariya sa'ad da wani abokin aiki, dattijo ɗan ƙasar Norwe, ya ce mu yi hayar babura bayan kammala wani taron ƙara wa juna sani a birnin Bergen, mu shafe kwana huɗu muna ratsa duwatsun yammacin ƙasar. Na ce masa na hau babur shekara da shekaru tun ina ɗalibi, babu wani sabon abu da zai nuna mini. Ashe da sauran karatu a gabana.

Yammacin Norwe ƙasa ce ta fiyod, wato dogon harshen teku da ya kutsa tsakanin duwatsu masu tsayi, a kwarin da tarin ƙanƙara ya rarake shekaru dubbai da suka shuɗe. Mafi girma, Sognefjord, ya zarce kilomita 200 a tsawo, zurfinsa kuma ya haura mita 1,300. A irin wannan ƙasa hanya ba ta miƙewa. Ko dai ta huda dutse, ko ta haura shi tana lanƙwasa, ko ta ƙare a bakin ruwa ka jira jirgin fito.

Dukkan ukun mun gamu da su. A rana ta farko muka shiga ramin Laerdal, hanyar mota mai kilomita 24.5 a cikin dutse, wadda aka buɗe a shekarar 2000. Masu ginin sun san cewa doguwar tafiya cikin duhu tana sa gyangyaɗi, don haka suka haƙa manyan kogo uku a tsakani, suka haskaka su da shuɗin haske, domin idon direba ya wartsake. Washegari muka haura Sognefjellet, inda kwalta ta kai tsayin mita 1,434. A tsakiyar watan Yuni ne, amma ƙanƙara na jibge a gefen hanya, yatsuna suka sandare cikin safar hannu. Rana kuwa ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare, har na riƙa duba agogo kafin in yarda cewa Magariba ba ta yi ba. Daga nan muka gangara Geiranger, fiyod ɗin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.

Kwana biyun nan ina ta ƙorafi a zuci. Iyakar gudu a yawancin hanyoyin karkara kilomita 80 ne a awa, abokina kuwa ko kusa da hakan ba ya yi. Ga babur mai ƙarfi a hannuna, ga kwalta sumul, amma muna tafiya kamar masu rakiyar amarya.

A rana ta uku muka isa Trollstigen, hanyar da aka buɗe a 1936, mai kwana goma sha ɗaya masu kaifi a jikin dutse guda. Daga sama muka fito, cikin hazo da yayyafi. Na wuce abokina, na bar babur a babbar giya ina dogara da birki. Ina shiga wata kwana sai ga doguwar motar 'yan yawon buɗe ido tana haurowa, ta cinye faɗin hanyar, domin ba za ta iya juyawa ba sai da haka. Na damƙe birkin gaba a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, babur ya yi tangal-tangal, na tsaya dab da duwatsun da aka jera a bakin kwazazzabo. Salati kawai nake yi, gwiwoyina na rawa.

Abokina bai yi mini faɗa ba. Da muka sauka ƙasa ya ce, “Da giyar da za ka hau dutse, da ita ake saukarsa. Kuma ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.” Sai ya ƙara da cewa a kowace kwana yakan ɗauka akwai mota ko tumaki a bayanta, ko da bai gan su ba.

Tun daga ranar nake juya maganar. Masu tallan irin wannan yawo kalma ɗaya suke sayarwa: 'yanci. Amma abin da na gani shi ne, 'yancin nan a kan kamun kai aka gina shi. Mahayi yana kame hannunsa daga totur. Hukuma kuma tana tsara hanya bisa sanin cewa ɗan Adam ajizi ne, zai yi kuskure, kuma bai kamata kuskure ɗaya ya zama ajalinsa ba. Duwatsun da suka tsaya tsakanina da kwazazzabo an jera su ne saboda mutum irina, mai gaggawa da jin ya iya. Ko a 2024, da faɗowar duwatsu ta yawaita, hukumomin yankin rufe Trollstigen suka yi a tsakiyar kakar baƙi, duk da asarar da masu otal da shaguna za su yi. Sun fifita rai a kan ciniki.

Mun yi imani cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Sai dai wannan imanin bai taɓa zama lasisin ganganci ba, ga mahayi ko ga mai gina hanya. Na sha jin ana cewa “kwana ya ƙare” a inda gaskiyar magana ita ce birki ne ya ƙare, ko hular kwano ce aka bari a gida.

A rana ta huɗu na koma bayan dattijon, na bi sawunsa. A ranar ce na fara ganin ƙasar sosai: ruwa na zubowa daga ƙwanƙolin dutse, gonaki 'yan ƙanana maƙale a gangare, jirgin fito na tsaga ruwa shiru. Duk waɗannan suna nan tun ranar farko, gaggawa ce ta rufe mini ido. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ni kam ita ce ta dawo da ni gida.