Ko Kun Sani? Hoton Paella Ya Sha Bamban da Girkinta na Asali

Jan jatan lande da ake jerawa a kan shinkafa a hotunan paella na gidajen abinci ba ya cikin girkin asali na Balensiya, yankin Sifaniya da abincin ya fito. Manoman da ke kewayen tafkin Albufera da kaza da zomo suke dafa ta, da koren wake da farin wake mai faɗi da tumatir da za'afaran, wani lokaci har da dodon koɗi. Abin da ya sa hoto ya karkata ga kayan teku shi ne launi: naman kaza da na zomo kan saje da shinkafar idan sun dahu, jatan lande kuwa daga nesa yake jan ido. Yawanci daga sama ake ɗaukar hoton, domin kaskon faffaɗa ne marar zurfi, shinkafar kuma shimfiɗa ta ake yi ba tulawa ba. Wannan ɗauka tana ɓoye ƙanzon da ke ƙasan kasko, wanda shi ne masana girkin suka fi darajantawa. Wani zai ce ai paella ta kayan teku ma girkin Sifaniya ce. Gaskiya ne, amma nau'i ne dabam mai sunansa, kuma yawan ganin hotonta ya sa baƙi ɗaukar ta a matsayin tushe. A 2021 gwamnatin Balensiya ta sanya paella cikin kayan al'adun da doka ke karewa.