Ko Ƙungiyarmu Tana da Izinin Buɗe Gidan Rediyo?

'Yan'uwa manoma, tun shekarar 2021 wannan tambaya take yawo a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai. A watan Satumba na wannan shekara aka rufe layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Malumfashi, Bakori, Funtua da Ƙanƙara. An yi watanni manomi ba ya iya tambayar farashin masara a birnin Katsina sai ya shiga mota, ga shi kuwa lokacin kaka ne. Shi ya sa waɗansu suka ce, me zai hana mu sami tamu hanyar aika labari?

To, sai mu fara da sanin mai abin. A dā gwamnati ce kaɗai take da waya. Dattawa za su tuna da ma'aikatar P&T, da yadda ake zuwa gidan waya a buga talgiram ana ƙirga kalmomi domin kuɗi. A 1985 aka kafa NITEL, a 2001 kuma kamfanoni masu zaman kansu suka kawo wayar hannu. Amma iskar da magana take bi har yau a hannun Gwamnatin Tarayya take. Hukumar NCC tana lura da sha'anin waya, hukumar NBC kuwa da gidajen rediyo da talabijin. Dukansu biyu a 1992 aka kafa su. Ko rediyon oba-oba mai cin dogon zango, sai da lasin.

Ga inda maganar ta shafe mu. Sashe na 10 na dokar NBC ya hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasin gidan rediyo. Babu bambanci, ko ekklesiya ce ko masallaci. Kada wani ya ce don mu aka yi dokar. An yi ta domin gudun a hura wutar rikici ta iska, mu ma kuwa mun san abin da rikici yake yi wa gona. Saboda haka idan takardar neman izini ta fito da sunan ekklesiya, ba za ta wuce teburin farko ba.

Amma akwai abin da ake kira rediyon al'umma, wato ƙaramin gidan rediyo wanda mutanen gari suke da shi, ba domin riba ba. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta amince da guda 17 na farko. Mai nema dole ya zama ƙungiya mai rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kuma sai Shugaban Ƙasa ya yarda kafin lasin ya fito. Rajistar da muke yi a ofishin gama kai na jiha, wadda mutum 10 suke isa a yi ta, ba ita ake nufi ba. Hanyar tana da tsawo, tana kuma cin kuɗi, ga janareto, ga mai, ga albashin mai gyara.

A ganinmu, ƙungiya ɗaya ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba. Sai ƙungiyoyin gunduma guda sun haɗa kai, Kirista da Musulmi, manoma da makiyaya, su sa sunan garinsu a takarda, kwamiti kuma ya zama na kowa da gaske, ba a baki kawai ba.

Kafin nan, ga abin da yake kusa. Doka ba ta hana ƙungiya mai rajista sayen fili a gidan rediyon gwamnati ba. A birnin Katsina akwai Rediyon Jihar Katsina, akwai kuma Companion FM ta Rediyon Nijeriya. Sakatare ya je da takardar rajista da wasiƙa mai sa hannun shugaba, ya tambayi kuɗin minti 15 a mako. A nemi malamin gona na KTARDA ya riƙa zuwa yana magana a kan iri, da taki, da maganin ƙwarin rumbu, a kuma roƙi lokacin dare, sa'ad da mutane suka komo daga gona.