Hayaƙin ƙona daji da jita-jitar ruwan asid

A watan Maris na 2010 wani saƙon waya ya karaɗe Najeriya, wai ruwan asid na tafe kuma duk wanda ya taɓa zai kamu da sankarar fata. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta ƙaryata, amma tsoron bai mutu ba. Ba abin mamaki ba ne ya farfaɗo a Nguru da Gashua idan hayaƙin ciyawar kacalla da ragowar shinkafa ya turnuƙe fadama, ya gauraya da hazo har rana ta yi ja.

Akwai gaskiya a ciki. Ciyawar da ke ci da wuta tana fitar da iskoki masu tsami, irin asid ɗin tururuwa da na ruwan khal, tare da iskokin oksaid na naitirojin da hasken rana ke mayarwa asid. Sai dai wutar tana kuma fitar da amoniya mai kashe tsami, ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi kuwa tana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, tana yi wa asid ɗin abin da kanwa ke yi wa yakuwa a miya. Shi ya sa ruwan saman da aka daɗe ana aunawa a Banizumbu ta Nijar yake kusan 6 a ma'aunin pH, alhali tsaftataccen ruwan sama 5.6 ne, lemon tsami kuwa wajen 2. Ƙari a kan haka, waɗannan iskoki kwanaki kaɗan suke yi a sama. Hayaƙin Janairu ba ya jiran ruwan Yuni.

Wani zai ce ai ruwan farko baƙi yake saukowa daga indararo, ga kuma ciwon ƙoda da ya addabi ƙasar Bade. Baƙin nan ƙura ce da toka da kashin tsuntsaye da suka taru a kan kwano, kuma daidai ne a zubar da shi. Batun ƙoda kuwa, masu bincike ruwan sha da zafin rana da magungunan feshi suke bibiya, kuma jingina shi ga ruwan sama zai ɗauke hankali daga rijiyoyin da ya kamata a gwada. Illar hayaƙi ta gaske a huhu take: ƙananan ƙwayoyinsa ne ke kutsawa can ciki su tayar da asma, su jefa jarirai cikin ciwon haƙarƙari. Manomin da ke cinna wa kacalla wuta don buɗe hanyar ruwa ya duba inda iska ke kaɗawa, ya nisanta yara da tsofaffi.