Sulalla da tarihi: daga ƙanƙarar Kanada zuwa audugar Gombe

A shekarar 1996, wadda aka ƙirƙiro jihar Gombe a cikinta, Kanada ta fito da kuɗin ƙarfe na dala biyu mai ɗauke da hoton farin beyar a kan ƙanƙara. A 1999 ta sauya zanen da na makaɗin al'ummar Inuwit domin murnar kafa yankin Nunabut, sannan a 2013 ta buga sulallan tunawa da cika shekara 100 da fara wani balaguron bincike a yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya. An sake su cikin kasuwa, har suka zama canjin mai sayen burodi.

Najeriya ma ta taɓa bin wannan hanya. Sulallan da suka zo tare da Naira a 1973 sun nuna arzikin ƙasa: rijiyar mai a kan kwabo ɗaya, koko a kan kwabo 5, kwakwar manja a kan kwabo 10, gyaɗa a kan kwabo 25. Rabin kwabo kuwa, wato sisin kwabo, auduga ya ɗauka, amfanin gonar da ya ɗaukaka sunan Gombe tun kafin ta zama babban birnin jiha.

A yau, daga Babbar Kasuwar Gombe har Tudun Hatsi, da wuya a ga mai ciniki da kuɗin ƙarfe. Babban Bankin Najeriya ya fito da sababbi a 2007, a zamanin Charles Soludo: kwabo 50, kwandala mai hoton Herbert Macaulay, da Naira biyu mai ginin Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Doka ta halatta su, amma tsadar kaya ta kore su daga hannun jama'a. Inda babu ƙaramin canji kuwa, farashi ba ya hawa da kwabo, sai da goma ko hamsin, kuma mai jiran albashin ƙarshen wata ne ke cike giɓin.

Saboda haka bukukuwan ƙasa suka koma kan takarda: Naira 50 ta cika shekara 50 da samun 'yancin kai a 2010, da Naira 100 ta cika ƙarni da haɗe Kudu da Arewa a 2014. Ta biyun ta jawo ƙorafi a Arewa saboda cire rubutun ajami, abin da ya nuna cewa jama'a suna kula da abin da aka zana a kan kuɗinsu.

Takarda dai tana yagewa cikin ɗan lokaci, ƙarfe kuwa yakan yi shekaru da dama yana yawo. Amma ƙarfen da ba ya sayen ko ashana ba zai shiga aljihun kowa ba, balle ya koya wa yaran Gombe tarihin audugarsu. Duk mai tsara kuɗin tunawa a Abuja, darajar Naira ce aikinsa na farko.