Dokokin gini da tsarin fili a yankin Kura da Bunkure

Dokokin gini da tsarin fili su ne ƙa'idojin da ke fayyace inda za a iya kafa gini, da irin amfanin da za a yi da shi, da kuma yadda za a gina shi don kare rai da dukiya. Dokar tsarin fili tana raba ƙasa kashi-kashi: na gidajen zama, na kasuwanci da ofisoshi, na masana'antu da na noma. Dokar gini kuwa tana duba ginin kansa, wato ƙarfin tushensa, da iska da haske, da hanyar tsira idan gobara ta tashi. A ƙananan hukumomin Kura da Bunkure na jihar Kano, waɗannan ƙa'idoji suna da muhimmanci na musamman saboda garuruwan suna kewaye da gonakin noman rani.

Yanayin yankin

Kura, Bunkure da Garun Malam suna cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shirin. Ana noma shinkafa, alkama, masara da tumatir. Garin Kura yana kan titin Kano zuwa Zariya, kuma ya yi fice wajen casa da cinikin shinkafa. Wannan harka ce ke jawo buƙatar ofisoshi, rumbunan ajiya da shaguna a bakin titi, sau da yawa a kan filin da a da gona ce.

Dokokin da suka shafi lamarin

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka a wuraren da aka ayyana a matsayin birni, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Takardar tana ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa. Saboda haka wanda ya sayi gona ba zai mayar da ita ofis ba sai ya nemi izinin sauya amfanin fili.

Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta wajabta samun izini kafin a fara kowane gini. Ta kuma ce duk ginin ofis da ya wuce hawa 4, ko wanda wurin hayarsa ya zarce murabba'in mita 5,000, sai an haɗa da rahoton tasirinsa ga muhalli. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, cewa tsara gari hurumin jihohi ne. A Kano, hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini a birane, KANGIS kuma tana adana bayanan filaye.

Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa ya fito a 2006. Ya kasa gine-gine bisa amfaninsu, ya sa ofisoshi a rukunin harkokin kasuwanci. Sai kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga.

Matakan tsara filin ofis

Aiki yana farawa da safiyo, wanda zai auna filin ya kafa duwatsun iyaka. Daga nan mai zanen gini zai cire ratar da doka ta hana a gina a kai. A titin gwamnatin tarayya, irin na Kano zuwa Zariya, ana barin mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare. Babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 yana da hurumi mai faɗin mita 50, na kilobolt 132 kuma mita 30. Haka nan ba a gini a gaɓar kanal, ko a kan hanyar da ma'aikata ke bi don yashe shi.

Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne ainihin wurin gini. A cikinsa za a fitar da tazara tsakanin gini da katangar maƙwabci, da wurin ajiye motoci, da mashigar motar kashe gobara, da magudanar ruwa. Bayan haka sai a miƙa taswira mai hatimin ƙwararru masu rajista: mai zanen gini daga ARCON, injiniya daga COREN. Idan aka yi gini ba izini, hukuma tana iya shafa jan fenti, ta tsayar da aiki, ko ta rushe shi.

Matsalolin ƙasar noman rani

Shekaru da dama na ban ruwa sun sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama a wasu sassan shirin. Irin wannan ƙasa ba ta ɗaukar nauyi kamar ta tudu, shi ya sa gwajin ƙasa ya zama dole kafin a haƙa tushen bene. Danshi yana hawa bango, gishirin da ke cikinsa kuma yana cin siminti da rodi. Ramin bayan gida da ke kusa da rijiya ko kanal yana iya gurɓata ruwan sha da na ban ruwa.

Toshe magudana ɗaya da gini kan sa ruwa ya kwanta a gonaki da yawa. Kuma gonar da aka gine ba ta komawa noma, alhali an kashe dukiyar jama'a wajen kai mata ruwa. Wannan ne ya sa masana tsara gari ke ba da shawarar a kafa ofisoshi a kan tudu, cikin gari ko gefensa, a bar filayen da kanal ya ratsa wa manoma.

Duba kuma

Madatsar Tiga
Kura
Bunkure
Noman rani