Ko Kun Sani?

A Amurka da Ingila har gasa ake shirya wa karnuka masu gano ƙamshi, kuma kanumfari na cikin abubuwan da ake ɓoye musu. Wajen horo, akan jera akwatuna iri ɗaya, a sa ƙamshin cikin guda. Da zarar kare ya kafa hanci a kan wanda ya dace, nan take ake ba shi lada, don jinkiri yana rikita shi. In ya ƙware, sai a ɓoye nama a wani akwatin, a ga ko kwaɗayi zai ja shi. Abin burgewa, ranar gasa ko ubangidansa ba a gaya masa akwatin, domin ɗan dakatawarsa kaɗai ta isa kare ya gane.